JAWABIN MALAMIN GONA: INJIN SHIBKA MAI ZUBA TAKIN RUWA

Ƴan'uwa manoma, maza da mata, na Agye, Gazawa da Gidan Runji.

Kun sani ƙasarmu jigawa ce, kuma ta gaji. Buhun takin zamani ya yi tsada. Shi ya sa masu binciken noma na ICRISAT da INRAN suka koya mana sa taki kaɗan a kowane rami: giram 6 na 15-15-15, ko giram 2 na DAP.

Akwai kuma takin ruwa. A shekarar 2009 ƙauyukan Agye sun gwada shi. Ana tara fitsari cikin bido, a rufe gam, a ajiye wata ɗaya ko fiye. Ba a sayensa da kuɗi.

To, ina wahalar take? Ran da aka yi ruwan shibka, kowa sauri yake kada laima ta tafi. Hekta ɗaya tana cin rami 10.000. In kowane rami zai sha kwatan lita, lita 2.500 ke nan, wato bido 125 masu lita 20. Wane jaki zai ja wannan?

Don haka injin da muke so ba mai zuba da yawa ba ne. Ga sharuɗɗa biyar:

1. Ƙafar injin ita za ta buɗe bakin tiyo. Iri ya faɗi, taki ya ɗiga, tiyo ya rufe.
2. Taki ya sauka gefe, ƙasa da iri kaɗan. In ya taɓa ƙwayar hatsi, yana ƙone ta.
3. A rufe da ƙasa nan take, don iska tana kwashe ƙarfinsa.
4. Tanki da tiyo su zama na roba, da rariya a baki. Takin ruwa yana cin ƙarfe, laka kuma tana toshe tiyo.
5. Jaki ɗaya ya iya jan shi, maƙerin gari ya iya gyara shi.

Sauran takin ruwa a bari sai hatsi ya tsiro, a ba shi bayan noman fari.

Ƴan'uwa, maƙeri ba ya ƙera hauya bai tambayi mai gona ba. In an kawo injin gwaji, ku auna layi goma da inji, layi goma da sungumi. Da kaka ku ƙirga damman kowane, ku rubuta, ku kawo mana.

Allah ya ba mu damana mai albarka. Amin.