Hoto da Kwanan Watansa: Laccar da Aka Gabatar a Galtimari

Abin da aka ɗora mini in yi magana a kansa shi ne yadda mai ɗaukar hoto zai tsara hotunansa bisa kwanan wata tun a sa'ar da yake kwashe su daga katin kyamara zuwa manhajar gyaran hoto, mas'alar da za a ɗauka ƙarama ce, alhali kuwa mutanen wannan unguwa sun fi kowa sanin nauyinta.

A daren 10 ga Satumba 2024, cikin watan Rabi'ul Awwal 1446, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwannin Fori da Galtimari da Gwange, ya kai har fadar Shehun Borno da Kasuwar Monday, irin abin da ba a gani ba tun ambaliyar 1994. Kusan duk mai waya ya ɗauki hoto. To amma da lokacin ƙididdige asara ya yi, hoton da ya zama hujja shi ne wanda aka san ranarsa da wurinsa; saura kuwa, komai tsananin abin da ya nuna, labari ne marar isnadi.

Magabatanmu na Borno ba su jahilci wannan ba. Mai kwafin littafi, idan ya kai ƙarshen aikinsa, yakan rubuta ranar da ya kammala da watan da shekarar Hijira, kuma albarkacin wannan ɗabi'a ce wani masani ɗan Ingila, A. D. H. Bivar, ya wallafa bayani a 1960 game da wani Alƙur'ani na Borno mai tarihin 1080 bayan Hijira, wato 1669, wanda ke ɗauke da sharhi cikin tsohon Kanembu, har ya zama ma'aunin da manazarta ke kintata shekarun sauran rubuce-rubucen da ba su da tarihi.

Kyamarar zamani ta ɗauke mana rabin wannan wahala, domin a cikin kowane hoto takan ɓoye ranar ɗauka da sa'arta, bayanin da masu sana'ar ke kira Exif, kuma manhaja irin su Lightroom, idan an umarce ta tun wajen shigarwa, za ta karanta shi ta buɗe wa kowace rana foldarta. Shawarata ita ce a fara da shekara, sannan wata, sannan rana, kamar 2024-09-10, saboda da haka ne kaɗai kwamfuta za ta jera foldodin bisa tartibin aukuwarsu. Bayan lambar sai a ƙara kalma biyu ko uku, a ce ambaliya Galtimari, ko walimar saukar karatu. Dogara da sunan da kyamara ta bayar ganganci ne, tun da yawancinsu lambarsu na ƙarewa a 9999 ta koma farko, sai hotuna biyu su yi tarayya a suna guda.

Sai dai akwai illoli biyu da nake so ɗalibai su kiyaye. Ta farko, agogon kyamara, idan batir ya daɗe a mace, yakan koma wata tsohuwar shekara, manhaja kuwa ba ta da basirar tuhumarsa, za ta kai hoton bana foldar shekarar da ba a ma sayi kyamarar ba. Don haka a duba agogon kafin a fita aiki. Ta biyu ta fi yaɗuwa a garin nan: hoton da ya bi ta WhatsApp an goge masa bayanan nan, ranar da ke jikin sunansa ta isowarsa ce wayarka. Irin wannan a ware masa folda dabam, a rubuta sunan wanda ya aiko da ranar da ya ce an ɗauka, in da hali kuma a roƙe shi ya turo asalin a matsayin fayil, wanda ke isowa da bayanansa cikakku.