Ranar da na ƙona gasket a hanyar Kebbe

Yau hirar tamu ta mota ce, kuma da abin kunyata zan fara, don ni da hannuna na kusa kashe injin motar yayana.

Motar Golf 3 ce, mai dogon bayan nan da ake lodi da ita a tashoshinmu. Da ita Yaya yake ciyar da iyalinsa, yana jigila tsakanin Tambuwal da Jega, wata rana kuma ya bi ta Dogon Daji da Shagari ya shiga Sakkwato. Cikin wani watan Afrilu ya ba ni aronta in kai gwaggonmu Kebbe da kayan gara. Kun dai san Afrilu a yankinmu, zafi ya haura digiri 40, kwalta har wani ƙyalli take. Mun yi nisa da Tambuwal sai na ga allurar zafi ta baro tsakiya tana hawa. Na gan ta sarai. Na ce a raina ai saura kaɗan, bari in lallaɓa mu isa. Ban tsaya ba sai da tururi ya fara fitowa ta bonet, mota ta fara jijjiga. Da na tsaya kuma na ƙara tafka wata wautar: na sa tsumma na buɗe murfin robar ruwa, Allah ya tsare fuskata, na juye mata fiya wata mai sanyi har leda shida.

Da aka jawo ta gareji a Tambuwal, wani dattijon bakanike ya buɗe murfin baƙin mai, ya lakato da yatsa ya nuna min. Abin ya koma kamar shayi da madara. Ya ce, "Yaro, wagga mota ta sha ruwa. Mi ya hana ka tsayawa?" Na ce, "Baba, sauri nake." Bai ce komai ba, ya ci gaba da kwance noti.

To mene ne gasket ɗin nan? Inji hawa biyu ne. Akwai gangar jiki a ƙasa, inda fistin ke hawa da sauka, akwai kuma kan inji a sama, wanda kanikawa ke ce wa hed. Tsakaninsu akwai wani siririn faifai, shi ne gasket. Abu uku yake rabawa: wutar da ke tashi a cikin silinda, ruwan da ke zagayawa yana sanyaya inji, da baƙin mai. A Golf 3 gangar ta baƙin ƙarfe ce, kan kuma na alminiyam, kuma alminiyam idan ya ji zafi buɗewarsa ta kai kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Muddin inji yana wajen digiri 90 kowa na zaune lafiya. Idan ya zarce sosai, kan sai ya bankare, ya daina danne gasket daidai, wuta ta samu kafa ta ci shi. Ruwan sanyin da na zuba kuwa, shi ne zai iya tsaga kan gaba ɗaya.

Ga abin da ya fi ba ni haushi. Da aka bincika, asalin matsalar wata 'yar roba ce a gefen kan inji, inda tiyon ruwa ke shiga. Ta tsage, ruwa yana zurarewa kaɗan-kaɗan. Yaya ya san motar tana shan ruwa, kullum da safe yana ƙara mata daga jarka, ya mayar da abin al'ada, bai kuma faɗa min ba. Motocin nan an ƙera su ne a shekarun 1990, roba ta tsufa, dole ta gaji. Mota mai lafiya ba ta neman ruwa kullum. Idan taka tana nema, wani wuri yake fita, kuma idan ka duba ƙasa ba ka ga ɗigo ba, to mai yiwuwa ciki yake shiga.

Yadda za ka gane gasket ya fara tafiya: farin hayaƙi mai kauri daga salansa wanda ba ya ɗaukewa ko inji ya ɗumama, kumfa tana tasowa a robar ruwa alhali inji na aiki, tiyo ya yi tauri kamar an hura shi, da safe kuma mota ta tashi tana ɗingishi. Amma a yi hattara da maganar madara a murfin mai. Lokacin hunturu, motar da ba ta tafiya mai nisa tana iya tara ɗan farin abu a murfin saboda raɓa kawai. Zaro sandar awon mai ka duba, idan can ma ya canza kala, to magana ta tabbata.

Sai batun yoyon mai, don nan ne ake yi wa matasa wayo. Ka ga baƙin mai a jikin inji, wani ya ce maka gasket ne, a sauke kai. Dakata tukuna. Mafi yawan yoyon da ke gangarowa daga sama na robar murfin saman inji ne, aikin da bai kai awa biyu ba. Akwai kuma ɗan makunnin da ke kunna fitilar mai, akwai sil na gaba da na baya, akwai notin da ake juye mai idan an cinye masa zare. Wani lokaci ma tiyon da inji ke numfashi ta cikinsa ne ya toshe, iska ta rasa hanya ta dinga tura mai ta kowace kafa. A wanke inji tas, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashi ka kwana, da safe a bi sawun man zuwa inda ya fi tsawo. Mai ƙasa yake gangarowa, don haka inda ka gan shi ba lallai nan ya fito ba.

Idan kuma ta tabbata sai an sauke kai, ka tsaya a wurin. Gasket ɗin kansa shi ne mafi araha a aikin, abin da ke sa gyara ya riƙe shi ne sauran. A ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a kan hed a gani ko ya bankare, in ya bankare a kai wa masu injin gogewa su daidaita shi. Namu sai da Yaya ya kai shi Sakkwato. Notocin kan Golf irin masu miƙewa ne idan an ɗaure su, sababbi ya kamata a sa, a ɗaure daga tsakiya zuwa gefe da sifana mai awo. Wanda ya ce maka hannunsa ne awo, ko ya ɗauko gam zai shafe gasket da shi, ka ce masa ka gode. A kuma nemo abin da ya jawo zafin tun farko, in ba haka ba sabon ma zai bi tsohon.

Ni ban yarda da cire tamostat da ake yi a garejinmu ba, wai don ƙasarmu da zafi. Idan ya lalace a sa sabo. Haka ruwan rijiya zalla a lagireto, yana barin tsatsa da dasashi har ƙananan hanyoyin su toshe. Ruwan sanyaya inji mai kalar nan yana da tsada, na sani, balle tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 direba yake ƙirga kowace naira, amma bai kai kuɗin hed ba.

Motar Yaya kwana tara ta yi a gareji, kwana tara babu lodi, babu cefane sai na bashi. Rabin kuɗin gyaran ni na biya, na sayar da wayata. Gwaggo kuwa a bayan wata motar albasa ta ƙarasa Kebbe, har yau idan ta gan ni sai ta ce, "Ɗan nan, ina allura take?"

A nan za mu tsaya yau. Mako mai zuwa za mu taɓa maganar jabun baƙin mai da ake ɗurawa a tsofaffin galan. Sai mun haɗu, a huta lafiya.