Idan haihuwa ta yi jinkiri, a duba maigida ma

Kafin a buɗe akwati a fara zubi, ku ara mini minti goma. Maganar yau tana da nauyi a baki, balle ga yarinya kamata a gaban iyaye, to ku yi mini afuwa. Ta shafi gidajenmu, ta kuma shafi kuɗin da muke tarawa.

A wata ƙungiya da nake zagayawa, akwai baiwar Allah da ta ci rance sau uku a shekara ɗaya. Ba jari ta ƙara da kuɗin ba, magani ta saya, na sha da na hayaƙi. Shekararta shida da aure ko ɓari ba ta taɓa yi ba, dangin miji suna ce mata juya. Da na tambaye ta ko an taɓa gwada maigidan, sai ta riƙe baki ta ce, "Au, namiji ma ana gwada shi?"

Ana gwada shi. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 na manya yana gamuwa da matsalar haihuwa a rayuwarsa. Likitoci kuma sun gano cewa a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa akwai matsala wajen namiji, ko shi kaɗai ko tare da matar. Mu nan Fagam manoma ne. In shuka ba ta fito ba, ba gona kaɗai ake zargi ba, ana duba irin.

Ku riƙe wannan: ƙarfin namiji a shimfiɗa daban, lafiyar irinsa daban. Mutum zai iya zama garau, amma ƙwayoyin haihuwar da ke cikin maniyyinsa sun yi kaɗan, ko ba sa motsi sosai, ko babu su gaba ɗaya. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Wanda ya taɓa haihuwa a baya ma, matsala na iya samunsa daga baya.

Me ke kawo ta? Akwai ciwon sanyi da ake ɗauka ta saduwa. In ba a yi maganinsa da kyau ba yakan toshe hanyar da iri ke bi. Akwai tsargiya, wato fitsarin jini da ake ɗauka a kogi da kududdufi. Wasu na cewa alamar girman yaro ce. Cuta ce, kuma in ta daɗe takan taɓa hanyoyin maniyyi. Akwai hangum in ya kama namiji bayan balaga ya sauka maraina. Akwai kumburin jijiyoyin maraina, wanda yana cikin abubuwan da likitoci suka fi samu. Sai ciwon suga, taba, wiwi, tramol, da yawan feshin maganin ƙwari a gona babu kariya. Wani kuma da ita aka haife shi. Ku masu jego, in kuna wa jariri wanka ku taɓa ku ji ko marainan biyu sun sauko. In ya kai wata 6 ɗaya bai sauko ba, a kai shi asibiti.

To yaushe za a nemi likita? In an shekara ɗaya ana tare, ba tsarin iyali, ciki bai shiga ba. In matar ta haura shekara 35, wata 6 ya isa. Gwajin namiji ya fi na mace sauƙi: ba allura, ba fiɗa. Zai ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ya ba da maniyyi a ɗan mazubi, a duba. Sau da yawa akan maimaita, don zazzaɓi ma yakan rage ƙwayoyin na ɗan lokaci. A fara daga asibiti mafi kusa, ko a je Asibitin Tarayya na Birnin Kudu. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura Dutse ko Asibitin Malam Aminu Kano.

Magani ya danganta da dalili. Ciwon sanyi, a yi wa miji da duk matansa lokaci ɗaya, in ba haka ba zai dawo. Tsargiya tana da ƙwayarta, praziquantel. Kumburin jijiya akan yi ƙaramin aiki. Barin taba da ƙwaya yana taimakawa. Sai an yi haƙuri, domin sabon iri yana ɗaukar kusan wata 3 kafin ya nuna. Akwai dashen ciki a manyan birane, amma yana da tsada, kuma ba kowa ke dacewa ba. Ba zan ɓoye muku ba, wata matsalar ba ta da magani. Maganin maza na kasuwa kuwa ba ya ƙara iri, allurar ƙarin ƙarfi ta testosterone ma rage shi take yi.

Ya za ki faɗa wa maigida? Ba a gaban kishiya ba, ba cikin faɗa ba. Ki sami lokacin da hankalinsa ke kwance, ki ce, "Malam, mu je a duba mu tare." In abin ya yi miki nauyi, ki bi ta wajen babba da yake jin maganarsa. Duk abin da gwaji ya nuna, ki rufa masa asiri kamar yadda kike so a rufa miki. Mu kuma surukai, kafin mu ce ɗanmu ya ƙara aure, mu ce ya je a duba shi.

Haihuwa ta Allah ce, neman magani kuma namu ne. Ga abin da za mu tattauna yau: in 'yar ƙungiya da mijinta za su je gwaji, mun yarda asusun taimako ya biya musu kuɗin mota, ba tare da an bayyana dalili a fili ba? Shugaba, bismillah.