Kazar Kwanci: Dukiyar Da Muka Baro A Bayan Ɗaki



Wani zai yi mamakin yadda za a tsaya maganar kaza a zauren da ake tattauna rijiyoyin burtsatse da azuzuwan makaranta. Dalili kuwa shi ne, da yawanmu da kuɗin kaza aka saya mana littafin farko da takalmin zuwa makaranta. A ƙauye kaza ita ce asusun mace: da ita ake sayen magani, da ita ake karɓar baƙo, kuma idan ta yi albarka, kaji su zama akuya, awaki su zama saniya. Abin da nake son mu fahimta a yau shi ne, kazar gida gwana ce wajen ƙyanƙyasa. Asarar da iyayenmu ke yi tana zuwa ne bayan 'yan tsaki sun fito, kuma a nan ne taimakonmu zai yi amfani.

Kazar Hausa takan yi ƙwai 10 zuwa 15 a jere, sannan ta shiga kwanci, kuma takan maimaita haka kamar sau 3 a shekara. Alamar kwanci ba ta ɓuya: za ta lafe a gurbi dare da rana, ta buɗe gashi idan an matso, ta kai sara, muryarta ta sauya. Ta kan fito sau ɗaya a yini, ta ci, ta sha, ta yi birgima a ƙasa, ta koma kafin ƙwai ya huce. Da kanta take juya ƙwan, da jikinta take ba shi ɗumin da yake bukata. A kwana 21 sai ɗan tsako ya fasa ɓawo. Injin ƙyanƙyasa na bukatar wutar lantarki wadda ba ta yankewa har tsawon waɗannan kwanaki, kuma duk mun san yadda wuta take a garuruwanmu. Ita kuwa kaza ba ta neman komai sai tsaba da ruwa da wurin da ba a damunta.

Mai son ƙyanƙyasa mai kyau sai ya kula da abubuwa kaɗan. Na farko, a tabbata akwai zakara lafiyayye, ɗaya ga kaji kamar 10. Na biyu, a zaɓi ƙwai mai tsabta, marar tsaga, wanda bai wuce mako guda da yi ba, kuma kada a wanke shi, domin wanki na cire kariyar da ke jikin ɓawo. Na uku, kada a yi haɗama: a sa mata iya abin da za ta rufe da jikinta, wato 10 zuwa 12, gwargwadon girmanta. A sa wa kowane ƙwai alama da gawayi, saboda wasu kajin sukan zo su ƙara nasu a gurbin, kuma wanda aka ƙara daga baya ba zai fito tare da sauran ba. Gurbin ya kasance a inuwa, a shimfiɗa yashi da ƙaiƙayi, a barbaɗa toka domin rage ƙuma da ƙwarƙwata, waɗanda kan sa kaza ta gudu ta bar ƙwanta. Daga kwana na 7 zuwa na 10, a haska kowane ƙwai da tocila a cikin duhu. Mai rai za a ga jijiyoyi ja a cikinsa. Wanda aka ga fayau sai a cire shi tun bai zama baragurbi ya fashe ya ɓata sauran ba.

Iyayenmu sun daɗe da sanin wata dabara, wato sa wa kaza ƙwan zabuwa, tunda zabuwa na yin ƙwai da yawa da damina amma ba ta da kula da 'ya'ya. Sai dai a tuna ƙwan zabuwa yakan kai kwana 26 zuwa 28, na agwagwar da muka saba kiwo kuwa kwana 35. Wanda zai haɗa ƙwan zabuwa da na kaza a gurbi ɗaya, sai ya fara sa na zabuwa da mako guda.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Kaza ta fito da 'yan tsaki 10, bayan wata biyu a waiwaya a ga 3 ko 4 ke biye da ita. Ina sauran? Shirwa da shaho sun ɗauki nasu, muzuru da gafiya sun ɗauki nasu, raɓar safiya da ruwan sama sun kashe wasu, wasu sun faɗa kasko sun nutse. Maganin wannan ba shi da tsada. A killace uwa da 'ya'yanta a akurki ko ƙarƙashin babban kwando na mako 4 zuwa 6, ana matsar da shi zuwa busasshen wuri. A kwana biyun farko ɗan tsako na rayuwa da ragowar ƙwanduwar da ke cikinsa, don haka ruwa ya fi muhimmanci. A zuba shi a faranti marar zurfi, a sa tsakuwoyi a ciki. Daga nan a ba su tsakin gero ko na dawa ko masara, a haɗa da abin da ke gina jiki, kamar gara, garin ƙuli-ƙuli marar gishiri, ko garin busasshen kifi. Tsaba zalla ba ta isar ɗan tsako mai tasowa.

Babbar abokiyar gaba ita ce annobar da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, wadda aka fara ganewa a 1926. Ita ce ke shigowa da hunturu ta share kajin unguwa cikin 'yan kwanaki: kaza ta yi zugum, ta yi koren zawo, wuyanta ya murɗe. Ƙwayar cutar bairos ce, saboda haka kafso da barkono da ake jiƙa wa kaji ba sa kashe ta. Rigakafi kaɗai ke tare ta. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa wani nau'in rigakafi mai suna I-2, wanda ya fi sauran jure zafi, ana kuma ɗiga shi a idon kaza, ɗigo ɗaya, a maimaita duk bayan wata 4. Kwalba guda na isar kaji da yawa, fiye da na gida ɗaya, shi ya sa aikin ya fi dacewa da haɗin gwiwa. Haka kuma duk kazar da aka sayo a kasuwa a ware ta na mako 2 kafin ta shiga cikin sauran.

Akwai gargaɗi gare mu mazauna birni. Wasunmu kan kai wa iyaye kajin gidan gona da nufin alheri. Waɗannan kaji an tace irinsu ne domin yawan ƙwai ko nama, kuma a wajen tacewar an rage musu ɗabi'ar kwanci ƙwarai. Gidan da ya sayar da kajin Hausa ya koma kansu, ya rasa mai ƙyanƙyasa, dole ya riƙa sayen 'yan tsaki kullum. Wanda ya kai irin waɗannan kaji, to ya roƙi a bar uwayen kajin gida 2 ko 3, su riƙa kwanci a kan ƙwan baƙin.

Saboda haka ina ba wannan ƙungiya shawara uku. Ta ware wani abu daga asusunta domin sayen rigakafi sau 3 a shekara, ɗaya daga ciki kafin shigowar hunturu. Ta nemi jami'in lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma ya horar da mata da matasa biyu a kowace unguwa kan yadda ake ɗigawa. Sannan ta ba masu saƙar kwando na garinmu aikin akurkin 'yan tsaki, a raba wa zawarawa da masu ƙaramin ƙarfi. Idan kaza mai tsira da 'ya'ya 3 ta koma tsira da 7, dukiyar gidan ta ninka ba tare da an ci bashin kowa ba.