LACCA: MALAMIN DA YA ƘIRGA ƘURI'U, DA ABIN DA LISSAFINSA YA NUNA MANA

Jama'ar Anka da Gummi da Bukkuyum, maza da mata, 'yan kasuwa da manoma.

Yau mun zo da labarin wani malami wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a kan nazarin sha'anin mulki da zaɓe, watau Farfesa Attahiru Jega. An haife shi cikin 1957 a garin Jega, nan yamma da mu, a tsohon Lardin Sakkwato. Ya yi karatu a Kano, ya wuce Amurka, ya sami digirin dakta a Jami'ar Northwestern cikin 1985, ya komo yana koyarwa a Jami'ar Bayero, har ya shugabance ta daga 2005 zuwa 2010. Daga nan aka damƙa masa hukumar zaɓe ta ƙasa, ya riƙe ta shekara 5.

To, me irin wannan ilmi ya amfana wa talaka? Kowa a nan ya san ba a ciniki sai da mudu na gaskiya. Mudun zaɓe kuwa shi ne rajista. A zaɓen 2011 akwai sunaye wajen miliyan 73 a cikinta. Da hukumarsa ta tace, ta fid da masu suna biyu, sai ga wajen miliyan 69 a 2015. A wannan shekara ce kuma aka fara aiki da na'urar duba katin zaɓe, don kada wani ya jefa da katin wani.

Amma ga inda gizo ke saƙar. An gyara mudu, masu awo suka ragu. Cikin kowane mutum 100 masu rajista, wajen 54 suka fito zaɓen shugaban ƙasa a 2011, wajen 44 a 2015, wajen 35 a 2019, wajen 27 a 2023. Watau kusan mutum uku cikin huɗu sun yi zamansu a gida.

Ba mu ce duk lalaci ne ba. Mun san wanda ɓarayin daji suka kora daga ƙauyensu ba shi da rumfar zaɓe. Mun kuma san masu cewa, "Mun jefa a 2019, kotu ta zubar," don a watan Mayu na shekaran nan Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un jam'iyyar da ta ci Zamfara, saboda ba ta yi zaɓen fid da gwani bisa ƙa'ida ba. Wannan laifin shugabanni ne, ba na akwati ba.

Ku tuna da 2010, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400, akasarinsu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Bagega ta yi ta jira, ba a saki kuɗin share ƙasarta ba sai 2013, bayan an yi ta kuka a jaridu. Mu a ganinmu, mai mulki ya fi jin kukan garin da ya san zai fito ran zaɓe. Garin da ya yi shiru, me zai sa a ji tsoronsa?

Iyayenmu mata, ku ma da ku muke. A zaɓen 1959 matan Arewa ba su da ƙuri'a ko ɗaya, ba su zaɓi shugaban ƙasa ba sai 1979. Abin da aka sha wuya aka samu, kada a sayar da shi a kan sabulu da taliya.

Saboda haka muna roƙonku abu uku. Wanda ba shi da kati ya je ya yanka. Wanda ya yi gudun hijira ya nemi a mai da rajistarsa inda yake zaune. Ran zaɓe kuma a jefa, a tsaya har a ƙirga a gaban kowa. Malami ya yi nasa lissafi, saura namu.

Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, amin.