Maganar ɗaga motar ƙungiya

Jawabin da aka yi a taron ƙungiya, a filin lakwal, bayan sallar la'asar.

Bulama, Liman, dattawa, iyayenmu mata, ƴan'uwa samari. Za mu yi magana sannu-sannu, domin mai maida ta da Kanuri ya samu ya bi mu.

Taron da ya wuce ya ɗora mana aiki, mu uku: direban ƙungiya, da bakaniken da ke duba motar, da malamin lakwal. An ce mu binciki maganar ɗaga motar ƙungiya, mu kawo ma jama'a abin da muka gani kafin a taɓa kuɗin asusu. To, ga shi mun kawo.

Kowa ya san yadda motar nan ta zo hannunmu. Bayan harin da aka kai Bosso da Diffa ran 6 ga Fabrairu 2015, hukuma ta kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka hana cinikin tattasai da na kifi. Wanda ya saba ɗaukar mara lafiya a bayan babur ya koma ma amalanke. Da aka sake buɗe cinikin tattasai a 2017, muka yi karo-karo gida-gida, har muka sayi tsohuwar Hilux katkat, irin mai sifirin gaba da baya. Ita ke kai buhunanmu kasuwar Diffa, ita ke kai masu naƙuda asibiti. Ba mu da wata.

Kowa kuma ya san abin da ya tada maganar. A daminar da ta wuce motar ta kafe cikin laka a kwarin da ke tsakaninmu da hanyar kwalta, da dare, da ƴar'uwarmu a ciki tana naƙuda. Sai da aka koma gari aka ɗauro shanu. Allah ya tsare uwar, jaririn bai zo da rai ba. Tun daga ranar samari suke cewa a ɗaga motar, a ƙara mata tsawo santimita 15, kamar waɗanda suke gani cikin waya, na Amurka da Ostareliya. Ba mu ga laifinsu ba. Wanda ya kwana cikin laka da fitila a hannu yana da ikon yin magana.

Amma washegari da aka je tonon motar, mun ga wani abu. Tsakanin sawun ƙafar dama da na hagu akwai wani dogon layi cikin laka, kamar an ja garma. Da muka leƙa ƙarƙashi, ba jikin motar ne ya zauna ba. Tulun nan ne da ke tsakiyar aksul, wanda ke raba ma ƙafafu ƙarfin inji. Shi ya hau tudun da ke tsakiyar hanya, ƙafafu suka rataya suna juyawa a banza.

Jama'a, a nan maganar take. Sifirin yana tsakanin aksul da jikin mota. In an ƙara masa tsawo, jiki ne ke hawa sama, aksul da tulunsa suna nan inda suke. Ko an ɗaga jikin ya kai tsawon raƙumi, tulun ba zai tashi daga ƙasa ko da faɗin yatsa ba. Abu guda ne ke ɗaga shi: taya mai tsawo.

Mun kai wannan lissafi aji, ƴan shekarar ƙarshe suka auna da igiya da ma'auni. Tayar da ke jikin motar yanzu, mai lamba 205 R16, tsawonta daga ƙasa zuwa sama wajen santimita 73 ne. Tayar da ake sa ma Land Cruiser, mai lamba 7.50 R16, wajen santimita 80 ce. Bambanci santimita 7. Amma aksul yana tsakiyar taya, saboda haka rabi za mu samu, santimita 3 da rabi. Da yaran suka faɗi amsa, wani ya ce, Mushe, ɗan wannan ne kawai? Muka ce masa, je ka auna zurfin layin da tulun ya ja cikin laka. Sau da yawa ɗan wannan ne ke tsakanin wucewa da kwana a hanya.

To, me zai hana a yi duka biyu, a sa dogayen tayoyi, a kuma ɗaga jikin santimita 15, tunda ba ya rage komi? Yana ragewa. Mun gwada wannan ma a aji, kuma kowa na iya gwada shi a gida. A samu kwalin sukari, a zuba masa tsakuwa, a aza shi bisa allo, a yi ta ɗaga gefen allon a hankali. Zai daɗe bai faɗi ba. A sake aza shi bisa kwalayen ashana, a ɗaure, a ɗaga allon. Tun ba a je ko'ina ba zai kife. Faɗin gindinsa bai canza ba, nauyinsa ne ya hau sama. Tsakanin ƙafar dama da ta hagu a motarmu wajen mita 1 da santimita 40 ne, kuma ɗagawa ba ta ƙara shi.

Sa'an nan mu tuna da irin lodinmu. Busasshen tattasai ba ya da nauyi, buhu bai kai kilo 20 ba, sai dai cika wuri. Shi ya sa ake jera shi har ya wuce kan direba. Wa ke zama bisa buhunan? Mu ne, da matanmu, da ƴaƴanmu. Ke nan abin da ya fi nauyi shi ne a can ƙoli. Hanyoyinmu na bakin Komadugu kuwa ba a shimfiɗe suke ba: ƙafa guda na cikin rami, guda na bisa gaɓa, balle tun ambaliyar 2019 da ta 2022 da ruwa ya cinye gefensu. Motocin da samari ke gani cikin waya, mutum biyu ne a ciki, ɗaure da bel, an faɗaɗa musu ƙafafu, in sun kife ma dariya suke yi. Tamu in ta kife, ta'aziyya ce a gida goma.

Mun zagaya garejin Diffa mun ga yadda ake ɗagawa. Ba za mu kama sunan kowa ba, kowa na neman abincinsa. Wasu suna ƙara tsawon ƴan ƙarafan nan biyu da ke rataye ƙarshen sifirin a jikin shasi, waɗanda ake ce ma jumelle da Faransanci, wato tagwaye. Ita ce hanya mafi araha. Amma in an ƙara musu santimita 10, biyar ake samu, domin ƙarshe guda aka ɗaga, aksul kuwa yana tsakiya. Ke nan mai son 15 sai ya ƙara 30, motar ta zama kamar mai tafiya bisa sanduna. A gaba kuma aksul yakan karkata, sitiyari ya daina komawa daidai da kansa, mota ta riƙa yawo bisa kwalta. Mun ma ga tagwayen da aka yanko daga rodin gini aka yi musu walda. Wannan kam ba mu yarda da shi ba ko kyauta.

Wasu suna kai sifirin wurin maƙeri ya gasa shi da wuta ya ƙara masa lanƙwasa. Muna girmama maƙeranmu, su ke yi mana hauya da gatari, kuma sun fi kowa sanin cewa ƙarfen da ya sha wuta halinsa ya canza. Sifirin da aka gasa, ko dai ya kwanta bayan wata biyu, ko ya karye farat ɗaya. Wasu kuma suna cusa guntun ƙarfe, har da katako, tsakanin aksul da sifirin. A baya ma abin dubawa ne. A gaba kuwa, inda birki ya fi ƙarfi kuma sitiyari yake, kada a kuskura.

Akwai abubuwan da ba a gani sai an kwanta ƙarƙashi. Tiyon birki na roba yana da iyakar tsawonsa. In jiki ya yi nisa da aksul, ranar da ƙafa ta faɗa rami sai ya miƙe ya tsinke, direba ya taka birki ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Shokozoba ma haka, gajere ba ya biyan doguwar tafiya. Furofela, sandar da ke kai ƙarfi ga aksul, takan karkace ta riƙa cin mahaɗanta. Kuma bakanikenmu ya nuna mana wani abu da mu da muka yi karatu ba mu sani ba. A bayan irin wannan mota akwai ɗan ƙarfe mai auna lodi: in baya ya zauna, sai ya ƙara ma ƙafafun baya birki, in baya ya tashi, sai ya rage. In an ɗaga mota ba a gyara shi ba, zai ɗauka kullum wayam take, ko da buhu arba'in da mutane a kai.

Wata magana kuma, a taƙaice, kun san zamanin da muke ciki. Katkat mai tsawo da sababbin ƙafafu, daga nesa ake hango ta, kuma ba kowane mai hange ne ke nufinta da alheri ba. Gara tamu ta ci gaba da kama da motar tattasai.

Masu zuwa arewa, wajen N'Guigmi ko rugagen Fulani, za su ce a can rairayi ne, ba laka ba. Gaskiya ne, kuma rairayi ba ruwansa da tsawon mota. Iska ake ragewa. Tayar da ke da kilo 3 bisa kwalta, a maida ta kilo 1 da rabi, sai ta baje kamar tafin raƙumi ta hau bisa yashi. Sai dai a tafi a hankali, kuma a mayar da iskar da zarar an hau kwalta, in ba haka ba taya ta yi zafi ta fashe. Saboda haka famfo da ma'aunin iska sun fi mana ƙarin santimita goma amfani.

To, ga abin da mu uku muka daidaita a kai. Direba ya fara da 15, bakanike ya ce 8, muka yi ta ja har shayi ya ƙare, muka tsaya a kan 5. A sayi tayoyi 7.50 R16 guda biyar, har da ta ajiya. A ƙara ganye guda cikin kowane sifirin, na asali, ba gasasshe ba. Wannan zai maido da tsawon da tsufa ya cinye, ya ba sabuwar taya wurin juyawa kada ta goga jiki, iyakar amfanin ɗagawar ke nan. A sake ƙusoshin da ke ɗaure sifirin da aksul, sababbi. A sake tiyon birki da shokozoba daidai da sabon tsawo, a gyara ƙarfen auna lodi. Abin da ya rage, a sayi famfo, da ma'aunin iska, da shebur biyu, da faranta biyu na ƙarfe da ake shimfiɗa ma ƙafafu, da igiya mai ƙarfi. Ma'aji zai karanta kuɗin kowane abu bayan mun zauna.

Doguwar taya ma tana da nata haraji, kada a ce ba mu faɗa ba. Inji zai ɗan rage ja, birki zai ƙara aiki. Yara sun buga da 3,14: tsohuwar taya tana cin santimita 229 a juyi guda, sabuwar 251. Ke nan in allura ta nuna 60, motar tana gudun 66, direba ya riƙe wannan. In ma'aunin tafiya ya rubuta kilomita 100, an yi 110. Ma'aji ma ya riƙe wannan, kada ya zargi direba da shan gazuwal.

A nan gida za a yi aikin, gindin bedin bayan lakwal, domin kowa ya gani. Muna da sharaɗi. Ba mai shiga ƙarƙashin mota tana bisa jak kawai, balle a kan yashi. Ba a tokare ta da tubalin ƙasa ko bulo, sai da guntayen itace masu kauri bisa faffaɗan katako, a kuma toshe ƙafafun da ke ƙasa. Sifirin a matse yake, sai an kama shi da matsi kafin a kwance ƙusar tsakiya. In aka samo mana ƙarfen taya irin mai zobe, ba mai tsayawa gabansa sa'ad da ake ba shi iska, domin zoben in ya fita yana kisa. Ba za a ƙarasa ɗaure tagwaye ba sai mota ta sauka bisa ƙafafunta, kuma bayan zuwa Diffa na farko a sake bin ƙusoshi duka. Yara su yi kallo daga nesa, mu za mu tsare su.

Saura kwarin kansa. Mu a nan laka biyu gare mu: ta ruwan sama, da ta kogi. Ruwan Komadugu daga Haɗeja da Jama'are yake tahowa, shi ya sa yake cika wajen Nuwamba da Disamba, sa'ad da sama ta daɗe da ɗaukewa. Akwai ranakun da ko wace irin taya aka sa, wurin ba ya biyuwa, kuma in ruwa ya kai inda inji ke shan iska, injin ya tafi. Don haka muna roƙon abu biyu. Samari su ba da kwana uku kafin damina, a zuba ɓaraguzan gini da itace a wurin da motar ta kafe, wajen taku sittin ne. Iyayenmu mata kuma su riƙe lissafin masu ciki, wadda watanta ya kama alhali hanya ta lalace, a kai ta wurin dangi a Diffa tun da rana, tun naƙuda ba ta taso ba.

Bayan ma'aji ya gama, Bulama zai sa a ɗaga hannu, 5 ko 15. In an yarda da namu, bakanike zai shiga Diffa ran Talata ya duba tayoyi, aiki kuma ran Alhamis da safe. Masu guntayen itace su kawo su tun ran Laraba.