RANAR WANKA BA A ƁOYON CIBI: JAWABI KAN GUBAR FENTI DA RINI, DA ABIN DA AKE RUBUTAWA A KATIN ASIBITI

Jawabin da kwamitin lafiya ya gabatar a babban taron ƙungiya, Zonkwa

 



Shugabanni sun ɗora mana nauyin mu yi bayani a kan gubar da ke shiga jikin mutum bisa kuskure ta hanyar fenti da rini. Wani zai ce, to ina ruwan ƙungiya da wannan? Ruwanta kuwa har tsundum. A cikinmu akwai masu fenti, da kafintoci, da masu gyaran jikin mota, da masu rinin tufafi, da masu yi wa amare ƙunshi. Ga kuma ƙananan yara suna rarrafe a tsakanin kayan sana'ar nan. Maganarmu ta yau guda ce: abin da muka gaya wa likita shi ake rubutawa, abin da aka rubuta kuwa shi hukuma take gani. Wanda ba a rubuta ba, a wajen hukuma bai faru ba.

Bari mu fara da ita rubutuwar. Duk wanda ya taɓa yankar kati a asibiti ya san likita yana rubuce-rubuce bayan ya duba shi. Katin nan ba a teburin likita yake ƙarewa ba. Ma'aikatan ajiye bayanai suna ɗauka su shigar a rijista, a ƙarshen wata a tattara lissafi a tura ƙaramar hukuma, daga nan sai Kaduna, daga nan sai Abuja. A manyan asibitoci kuma kowace cuta tana da lambarta, kamar yadda kowace mota take da lamba. Littafin lambobin nan sunansa ICD. Asalinsa wani jerin dalilan mutuwa ne da wani Bafaranshe, Jacques Bertillon, ya tsara a 1893. Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi ragamarsa a 1948. Bugu na 10 an amince da shi a 1990, ƙasashe suka fara aiki da shi a 1994, bugu na 11 kuma ya fara aiki a farkon 2022.

A bugu na 10, wanda ma'aikata suka fi sabawa da shi, gubar fenti da rini tana da lamba T65.6. Gubar dalma lambarta T56.0. Kananzir da danginsa suna ƙarƙashin T52.0. Amma lamba ɗaya ba ta isa, sai an haɗa da ta biyu mai nuna yadda abin ya auku. In kuskure ne, akwai lambobi daga X40 zuwa X49. In mutum ya sha da gangan, lambarsa daban. In wani ne ya ba shi, ita ma daban. In kuwa an kasa ganewa, sai a sa a jerin waɗanda ba a san niyya ba. Kun ga ke nan, ma'aikacin da ke sa lambar nan bai je gidanmu ba, bai ga gwangwanin ba. Abin da likita ya rubuta yake bi, shi kuma likita abin da muka faɗa masa ya ji. In uwa ta ce yaro dai kawai ya kama jijjiga, to jijjiga za a rubuta, a ba ta tata lambar, gubar ta wuce ba wanda ya ƙirga ta.

Domin mu san nauyin wannan magana, mu tuna da Zamfara. A 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega. Yaro zai kama amai da ciwon ciki da jijjiga, kafin a ankara ya cika. Alamomin sun yi kama da zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau, aka yi ta ba da maganinsu ba sauƙi. Sai da ƙungiyar likitoci Na Gari Na Kowa, wato MSF, ta lura da yawan sababbin kaburburan yara, aka ɗauki jini aka auna, sannan aka gane gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara kimanin 400 suka rasu. Da aka samu sunan cutar na gaskiya, sai ga magani, sai ga masu kankare ƙasar gidaje, sai ga kuɗin gwamnati. A 2015 irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Allah Ya jiƙansu, Ya sa masu ceton iyayensu ne.

Wani zai ce mu nan ai citta da masara muka sani, ba ma niƙa dutse. Gaskiya ne. To amma ita dalma ba ta ƙofa ɗaya take shigowa ba. An daɗe ana sa ta a fenti mai maiƙo, musamman ja da ruwan ɗorawa, don ya yi haske ya bushe da wuri. Amurka ta hana irin wannan fenti a gidaje tun 1978, a ƙasashenmu kuwa ya daɗe a kasuwa bayan nan. Ku dubi tsofaffin gine-gine da ƙyamaren ƙarfe da tagogi da gadajen ƙarfe, duk fenti kan fenti. In ya tsufa ya ɓare, yaro ya tsinta ya kai baki, ko ƙurarsa ta zauna a ƙasa, ya shafa ya tsotsi yatsa. Wannan gubar ba ta da hayaniya. A hankali take ci: ƙarancin jini, rashin cin abinci, yawan kuka, daga baya yaro ya kasa riƙe karatu a allo da boko, a ce masa daƙiƙi, alhali ba haka Allah Ya halicce shi ba. Masana sun ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa.

Iyayenmu mata, ku yi mana haƙuri, za mu taɓa kwalli. Kwallin dutse mai walƙiya, yawancinsa dutsen dalma ne. A 2011 a birnin Boston na Amurka, likitoci sun sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata 6, ɗan wasu 'yan Nijeriya. Da aka bincika, kwallin da ake sa masa ne, kuma da aka auna shi fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Can an gano ne saboda an yi tambaya, iyaye kuma suka miƙa tandun.

Sai rini. Rinin kakanninmu, irin na marinar Ƙofar Mata a Kano, baba ne da toka da kanwa. Na yanzu galura ce ta kanti da soda mai ƙuna. Ruwan sodar nan in yaro ya kurɓa, maƙogwaro yake ƙonawa, wani har abada ba ya komawa haɗiya daidai. Haka baƙin lallen nan da ake ce wa dayis, wanda ake haɗawa da maganin rina gashi. A fata yakan sa ƙaiƙayi da ƙuraje da tabo. In kuwa aka haɗiye shi, fuska da harshe da wuya su kumbura, numfashi ya toshe, fitsari ya yi baƙi, ƙoda ta tsaya. Asibitocin Sudan da Maroko sun ga da yawa irin wannan, kuma rayuka sun salwanta. Ga tina da ake tsinka fenti da ita, ga kananzir da ake wanke burushi. Mun iya zuba su a kwalbar lemo mu ajiye bayan ƙyaure, yaro kuwa kwalba ya sani, bai san abin da ke ciki ba.

To me ke sa mu ɓoye? Kunya da tsoro. Uwa tana tsoron a ce ta yi sakaci, maigida ya yi faɗa, kishiya ta samu abin faɗi. Mai sana'a yana tsoron a rufe masa shago. Wani kuma tuni ya yanke cewa iska ce ko sammu, sai an kwana biyu ana turare kafin a nufi asibiti. Jama'a, ba mu hana addu'a ba, addu'a takobin mumini ce. A yi ta a kan hanyar asibiti. Shi ya sa ma littafin nan ya ware wa kuskure lambarsa: duniya duka ta san ana kuskure, kuma wanda ya kawo yaro ya faɗi gaskiya ba mai laifi ba ne. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Saboda haka kwamiti yana roƙon abubuwa kamar haka.

Na farko, in abu ya faru, a ɗauki gwangwanin ko kwalbar ko ƙunshin a tafi da shi asibiti. A faɗi abin da aka sha, da lokacin, da kimanin yawansa.

Na biyu, a daina ɗura wa yaro manja ko madara ko ruwan gishiri don ya yi amai. In tina ce ko kananzir, aman yana kai su huhu. In soda ce, ƙuna biyu ke nan, da shiga da fita. Abin da ya zuba a ido ko fata, a wanke da ruwa mai yawa.

Na uku, in yaro ya daɗe ba lafiya, a gaya wa likita sana'ar da ake yi a gidan, da kwallin da ake sa masa, ko da bai tambaya ba. Kuma a tambaye shi cikin ladabi, "Likita, me aka rubuta a katin?" Haƙƙinmu ne mu sani.

Na huɗu, 'yan'uwa masu fenti, in za a kankare tsohon fenti a jiƙa shi tukuna, a fitar da yara da masu juna biyu, a share da jiƙaƙƙen tsumma. Kayan aiki su kwana a shago, a yi wanka kafin a ɗauki yaro. Masu rini da masu ƙunshi, a samu akwati mai makulli.

Na biyar, muna ba shugabanni shawara ƙungiya ta buɗe nata littafi, a riƙa rubuta irin waɗannan abubuwa ba tare da sunan kowa ba: shekarun yaro, abin da ya sha, da yadda ta kaya. Mu kuma tuntuɓi maƙwabtanmu Bajju da Atyap ta hanyar shugabanninsu, domin kanti ɗaya muke sayen fentin nan, layi ɗaya muke bi a asibiti. In muka je gaban hukuma tare, da lissafi a hannu, za a fi saurarenmu.

'Ya'yan nan amana ce a wuyanmu, kuma za a tambaye mu. Allah Ya tsare mana zuriya, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da garinmu da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.